Mai ƙaramin ciki da mai neman haihuwa: su yi shaushawa ko su bari?

Ga jawabin da aka shirya domin cibiyoyin yaƙi da jahilci. A karanta shi a ajin mata, a karanta shi a ajin maza. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.



Maganar yau ta shafi mata iri biyu. Ta farko ita ce mace mai ƙaramin ciki, daga wata ɗaya zuwa wata uku. Ta biyu ita ce mace mai neman haihuwa, wadda ta daɗe a ɗakin miji ba ta samu ba, tana ta shan magani. Su biyun nan tambayarsu ɗaya ce. In ma'aikatan likita sun zo gari da allurar shaushawa, su miƙa hannu ko su shige ɗaki su ja ƙofa?

Tambayar nan ba ta wasa ba ce. Macen da ta shekara 6 tana jiran ciki, ran da ta samu, ko tulun ruwa tsoron ɗauka take yi. Maƙwabciya ta ce mata allura tana ɓarar da ciki. Uwar miji ta ce su a zamaninsu ba su yi ba. Maigida kuma ya yi shiru, don shi ma bai san gaskiyar maganar ba. Irin wannan mace ba faɗa take bukata ba. Bayani take bukata, dalla-dalla, don ta yanke shawara da saninta.

Mene ne shaushawa?

Cututtuka da yawa ƙwayoyi ne ke kawo su. Ƙwayoyin nan ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu. In sun shiga jiki, jini yana tara dakarunsa ya yaƙe su. Amma in jini bai taɓa ganin ƙwayar ba, kafin ya shirya ta riga ta yi ɓarna.

Shaushawa tana nuna wa jini kamannin cutar tun ba ta zo ba. Kamar a nuna wa mai gadi fuskar ɓarawo ne da rana. In ɓarawon ya zo da dare, mai gadi ya riga ya san shi.

Allurar shaushawa iri biyu ce, kuma wannan rabon shi ne ginshiƙin maganar yau. Akwai wadda babu ƙwaya mai rai a cikinta. Irin wannan ba ta iya sa wa uwa ciwo, ba ta iya sa wa ɗan cikinta. Allurar tetanos tana cikin wannan rukuni, haka ta sanƙarau, haka ta cizon mahaukacin kare. Akwai kuma wadda aka yi da ƙwaya mai rai, amma an karya ƙarfinta. Allurar ƙyanda da ta shawara suna cikin wannan rukuni. Rukuni na farko ana yi wa mai ciki. Rukuni na biyu ana jinkirta shi, sai in da babban dalili.

Wani abu kuma da ya kamata kowa ya sani: dakarun da jinin uwa ya tara suna bi ta mabiyiya su shiga jikin ɗa. Sun fi shiga a watanni uku na ƙarshe. Jinjiri yana faɗowa duniya da guzurinsa. Wannan guzuri shi ke tsare shi a makonnin farko, kafin a soma yi masa tasa shaushawar.

Ciwon da ke zuwa daf da suna

Tsofaffi sun san wannan ciwo. An haifi yaro lafiya lau. Ya yi kuka, ya kama nono. Bayan kwana 3, ko kwana 7, ko kwana 10, sai ya ƙi nono. Bakinsa ya ƙi buɗuwa. Jikinsa ya sandare, bayansa ya lanƙwashe, yana zabura in an taɓa shi ko ya ji ƙara. Wani kafin a yanka ragon suna ya koma, wani kwana kaɗan bayan suna.

Wasu kan ce tsuntsu ne ya gitta. Wasu kan ce iska ce, ko kambun baka. Sunan ciwon tetanos. Shi ne ake ce wa sarƙe-haƙora ko tsinkau-tsinkau.

Ƙwayar tetanos tana zaune cikin ƙasa da cikin kashin dabbobi. Tana nan a garke, a turken awaki, a tsakar gida. Tana iya shekaru a kwance, zafin rana bai kashe ta ba. Ba a ɗaukar ciwon daga wani mutum. Ta rauni ƙwayar ke shiga. Ga jinjiri kuwa, cibiya ita ce ƙofa. In an yanke cibiya da tsohuwar reza, ko an ɗaure ta da zare mai dauɗa, ko an shafa mata toka, ko ƙasa, ko kashin shanu, ƙwayar ta samu hanya. Askar wanzami ma, in ba a dafa ta ba, tana iya kai ta. Uwa ita ma tana iya kamuwa, in ta haihu a wuri mai ƙazanta, ko ta yi ɓari ba a kula da ita ba.

In ƙwayar ta shiga, sai ta zuba dafi. Dafin ne ke bin jijiyoyi ya ɗaure jiki. Jinjirin da ya kamu, in babu babban asibiti kusa, da wuya ya tashi. Ko a asibiti ma da yawa ba su tashi.

Hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 1988 jarirai wajen dubu 787 ne wannan ciwo ya kashe a duniya. A shekarar 2018 adadin ya sauko zuwa wajen dubu 25. Shaushawar mata da tsabtar haihuwa su ne suka kawo wannan sauƙi. A shekarar 2016 aka sa Nijar cikin ƙasashen da suka ci ƙarfin tetanos na uwa da jinjiri. Ma'anar haka, a kowace gunduma, cikin haihuwa 1,000 ba a samun ko jinjiri ɗaya cikakke da ya kamu. Amma kada a saki jiki. Ƙwayar tana nan cikin ƙasa, ba mai iya share ta. Ran da mata suka daina shaushawa, ciwon zai komo.

Allura biyar

Allurar tetanos dafin ƙwayar ne aka kashe ƙarfinsa. Jini yana ganinsa ya koyi yaƙi da shi. An shekara da shekaru ana yi wa mata masu ciki ita a duniya duka, miliyoyin mata. Ba a same ta da ɓarar da ciki ba, ba a same ta da nakasa ɗa ba.

Ga yadda ake yinta ga macen da ba ta taɓa yi ba:

Ta 1: ran da mace ta fara zuwa likita, ko da cikin ƙarami ne, ko da ma ba ta da ciki.
Ta 2: bayan mako 4 ko fiye. Tana tsaro wajen shekara 3.
Ta 3: bayan wata 6 ko fiye. Tana tsaro wajen shekara 5.
Ta 4: bayan shekara 1 ko fiye. Tana tsaro wajen shekara 10.
Ta 5: bayan wata shekara 1 ko fiye. Tana tsaro duk tsawon shekarun haihuwa.

Allura ɗaya tak ba ta isa ba. Ta farko gabatarwa ce, ta biyu ce ke kafa tsaro. Kuma ana so ta biyun ta samu aƙalla mako 2 kafin haihuwa, don jini ya samu sukunin tara dakaru ya aika wa ɗa.

Macen da ta yi allura biyu a cikin fari, sa'an nan ta shekara 3 ba ta koma ba, ba sai ta sake daga farko ba. Daga inda ta tsaya za a ci gaba. Wadda aka yi wa shaushawa tun tana jaririya, ita ma ana rage mata adadi. Shi ya sa karne yake da daraja. A ajiye shi cikin leda, a sa a kwalla ko a akwati, inda gara da ruwa ba su kai.

Allurar da ake yi yanzu haɗe take da rigakafin wani ciwo na maƙogwaro, difteri, wanda ake ce wa mashaƙo. A shekarar 2023 wannan ciwo ya ɓarke a jahar Damagaram, musamman wajen Matamai, ya kuma yi ɓarna a Kano. Ke nan allura ɗaya tana tsare ƙofa biyu.

Me ya sa tun cikin yana ƙarami?

A ƙasar Hausa ƙaramin ciki abin ɓoyo ne. Mai cikin fari kunya take ji. Wata tsoron baki take yi. Wata kuma ba ta so kishiya ta sani. Sai ciki ya kai wata 6 ko 7, zane ya ƙi rufe shi, sa'an nan a tafi awo.

Ga inda matsalar take. Mace ta je awo a wata na 8, an yi mata allura ta farko. An ce ta komo bayan mako 4. Damina ta sauka, gulbi ya cika, ko kuwa an kai ta goyon ciki gidan iyayenta, can nesa da likita. Haihuwa ta zo, allura ta biyu ba ta samu ba. Jinjirin nan ya zo duniya ba guzuri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mace tana iya ɓoye cikinta ga mutanen gari, amma kada ta ɓoye wa ungozomar likita. Aikin ungozoma ya haɗa da riƙe sirri. Wadda take jin nauyi ta tafi ran kasuwa, ko ta bi sahun masu kai yara awo. Ba wanda zai san abin da ya kai ta.

Akwai wata riba kuma. Ba kowane magani ne ya dace da ƙaramin ciki ba. Ƙwayoyin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake ba masu ciki, waɗanda aka fi sani da Fansidar, ba a fara su sai ciki ya cika wata 3. Daga nan ake sha wata-wata, aƙalla sau 3 kafin haihuwa. Allurar tetanos kuwa ba ta jiran wata 3. Ungozoma ce ta san wanne ake farawa da shi, wanne ake jira. In ba a gaya mata akwai ciki ba, ba ta da yadda za ta tsara.

Tun shekarar 2006 gwamnati ta ɗauke wa mata kuɗin awon ciki. Shaushawa ita ma ba a sayar da ita.

Shaushawa tana ɓarar da ciki?

A kowane gari za a samu wadda za ta ce: wance an yi mata allura ran Litinin, ran Juma'a cikin ya zube. Wataƙila labarin gaskiya ne. Amma a tsaya a yi lissafi.

Cikin mata 100 da suka san suna da ciki, wajen 15 sukan yi ɓari. Haka abin yake a ƙauye, haka yake a birni, haka yake a Turai. Mafi yawan ɓarin nan a watanni uku na farko yake faruwa. Babban dalilinsa shi ne, tun ran da cikin ya shiga, halittar ba ta haɗu daidai ba, ba za ta iya girma ba. Wannan ba laifin uwa ba ne, ba laifin uba ba ne. Zazzaɓin cizon sauro ma yana kawo ɓari. Tunjere ma yana kawowa.

To, a ɗauka an tara mata 100 masu ƙaramin ciki, an yi musu allura yau. Wasu daga cikinsu za su yi ɓari a makonni masu zuwa. Da an bar su ba allura, da waɗannan ɗin dai sun yi. Mutum ya ci tuwo da dare, da safe kunama ta harbe shi, ba a cewa tuwo ne ya kira kunama.

Masu bincike sun bi hanyar da ta dace. Sun ƙirga ɓari cikin matan da aka yi wa allura, sun ƙirga cikin matan da ba a yi wa ba, suka gwada. Ba su ga bambanci ba.

Abin da ya kamata mai ƙaramin ciki ta ji tsoro shi ne zazzaɓi mai zafi, da zubar jini, da maganin da ba ta san asalinsa ba. Ƙwayoyin masu yawo da tire a kasuwa, da jiƙe-jiƙen da ba a san ƙarfinsu ba, sun fi allurar likita haɗari nesa ba kusa ba.

Shaushawa tana hana haihuwa?

Wannan magana ta daɗe tana yawo. A shekarar 2003 ta yi ƙarfi a arewacin Najeriya. Aka ce an zuba maganin hana haihuwa cikin ɗigon shan inna. Jahar Kano ta dakatar da ɗigon, ba ta koma ba sai watan Yuli na 2004. A wannan tsakani shan inna ya bazu, ya tsallaka iyaka, ya shiga Nijar da wasu ƙasashe masu yawa. Yara suka shanye, wasunsu suna nan har yau suna jan ƙafa. Da aka koma ɗigon, aka dage, ran 25 ga Agusta 2020 aka bayyana cewa ƙwayar shan inna ta daji ta ƙare a Afirka. Yaran da aka ɗiga wa a wancan lokaci sun girma, sun yi aure, suna ta haihuwa.

Ga wani lissafi da kowa zai iya yi. A shekarar 1987 Nijar ta kafa babban tsarin shaushawa na ƙasa, wanda ake kira PEV. A ƙidayar 1988 mutanen Nijar sun ɗara miliyan 7. A ƙidayar 2012 sun ɗara miliyan 17. Duk cikin shekarun nan ana yi wa yara da mata allura. Da allurar tana kashe mahaifa, daga ina mutum miliyan 10 suka fito? Gani ya kori ji.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne allurar tazarar haihuwa, wadda ake yi duk wata 3. Ita wannan daban take. Kwalbarta daban, aikinta daban, takardarta daban. Ba a yi wa mace ita sai in ita ta nema. In ta bari, haihuwa tana komowa, ko da yake takan ɗauki wasu watanni. Macen da take shakka tana da ikon tambaya: wannan allura ta mece ce? A nuna mata kwalbar. Wadda ta yi yaƙi da jahilci ta karanta da kanta, ta duba abin da aka rubuta a karnenta. Wannan yana cikin amfanin karatu.

Mai neman haihuwa

In miji da mata sun shekara ɗaya suna tare, ba su yi tazara ba, ciki bai samu ba, lokacin zuwa likita ya yi. OMS ta ce a duniya, cikin mutum 6 manya, wajen mutum ɗaya yakan gamu da wannan matsala a rayuwarsa. Matsalar tana iya zama ga mace, tana iya zama ga namiji, tana iya zama ga su biyun. Saboda haka tare ake zuwa. Ga mace, sau da yawa hanyar ƙwai ce ta toshe, sabili da ciwon sanyi da ba a yi wa magani ba, ko ciwon da ya biyo bayan haihuwa ko ɓari. Wata kuma ƙwan ne ba ya fita a kan lokaci. Ga namiji, ciwon sanyi yana ɓata iri, haka hangum in ya kama shi bayan ya balaga ya sauka ga maraina. Shaushawa ba ta cikin jerin dalilan nan.

Lokotoro yakan ba mace ƙwayoyi masu sa ƙwai ya fita. Yakan ɗauki hoton mahaifa, ya auna irin namiji. In abin ya fi ƙarfin likitar gari, sai a tura su babban asibitin uwa da yara na jaha, ko gidan haihuwa na Issaka Gazobi a Yamai. Allurar tetanos ba ta ɓata wannan magani. Ba ta rage ƙarfinsa, ba ta jinkirta ciki.

Hasali ma, lokacin jira shi ne lokacin da ya fi dacewa. Manomi ba ya jiran ruwan shuka ya sauka kafin ya yi sharar gona. Mai neman haihuwa ta yi allura ta 1, da ta 2, da ta 3 tun yanzu. Ran da Allah ya kawo rabo, ya tarar da gida a shirye. Ta kuma nemi ƙwayoyin ƙarin jini, don akwai sinadari a cikinsu mai taimakon ginin kai da gadon bayan ɗa, a makonnin farko, tun uwa ba ta san ta samu ba.

Abu ɗaya ne za ta kiyaye. Ta gaya wa lokotoro mai yi mata magani cewa za ta yi allura, ta gaya wa mai allura cewa tana shan maganin haihuwa. In an sa mata ranar wani aiki a mahaifa, lokotoro yakan so a raba ranar da ranar allura da ƴan kwanaki. Dalili shi ne, in zazzaɓi ya zo, a san daga ina ya fito.

Da annobar korona ta zo, aka soma shaushawarta a Nijar a watan Maris na 2021, wannan tsoro ya sake tashi. An bi matan da ke neman haihuwa a asibitoci na ƙasashe da yawa. Waɗanda suka yi allura da waɗanda ba su yi ba, samun cikinsu ɗaya ne. An kuma ga cewa ciwon ya fi tsanani ga masu ciki.

Allurar da ake jinkirtawa

Allurar ƙyanda da ta shawara, su ne aka yi da ƙwaya mai rai. Ba a yi wa mai ciki ta ƙyanda. Ta shawara ma ana jinkirta ta har bayan haihuwa, sai fa in annoba ta shigo gari, ko tafiya ta zama tilas zuwa inda ciwon yake. A nan lokotoro ne zai auna, don ciwon shawara ya fi allurar haɗari.

Mai neman haihuwa, in za ta yi ɗaya daga cikinsu, ta yi tun ba ciki, ta bar wata ɗaya ya wuce kafin ta nemi ciki. Wannan ya shafi mata masu niyyar zuwa Makka, don ana neman takardar allurar shawara da ta sanƙarau ga alhazai. Ta shawara sau ɗaya ake yi, ta isa har ƙarshen rai. Wadda ta taɓa yi, ta nemo takardarta kawai.

In kuwa an riga an yi wa mace irin wannan allura, daga baya ta gane tana da ciki, kada hankalinta ya tashi. An bi mata da yawa da haka ta faru gare su, suka haihu lafiya. Jinkirin da ake yi taka-tsantsan ne. Ba dalili ba ne na taɓa cikin. Ta je awo, ta faɗa wa ungozoma, shi ke nan.

Uwa mai ciki kuma kada ta hana a yi wa ɗanta na goye allurar ƙyanda in ya kai wata 9. Allurar yaro ba ta cutar da cikin uwa. Ciwon ƙyanda ne, in ya shigo gida, yake iya taɓa su duka.

Ran annoba da ran haɗari

Nijar tana cikin ƙasashen sanƙarau. Daga lokacin hunturu zuwa bazara yake tashi. A shekarar 2015 ya kama mutum fiye da 8,000 a ƙasar, ya kashe fiye da 500, ya fi tsanani a Yamai. A ƙarshen 2010, Nijar da Mali da Burkina Faso suka soma wata sabuwar allurar sanƙarau ga masu shekara 1 zuwa 29. OMS ta ce kada a ware masu ciki da masu shayarwa. A arewacin Gana an bi matan da aka yi wa ita suna da ciki a 2012. Haihuwarsu ba ta bambanta da ta sauran mata ba. Saboda haka in an yi shelar allurar sanƙarau, mai ciki ta fito, ta faɗa wa ma'aikaci halin da take ciki, ta bi abin da ya ce.

In kare ya ciji mai ciki, ko da cikin kwana 40 ne, a wanke wurin da ruwa da sabulu, a daɗe ana wankewa, a kai ta likita a ranar. Ciwon haukan kare, in ya bayyana, ba ya barin rai. Ciki ba ya hana wannan allura. Haka in ƙusa ta soke ta, ko lauje ya yanke ta, ta je a duba karnenta.

Bayan allura

Hannu yakan yi tsami kwana ɗaya ko biyu. Wurin yakan ɗan kumbura. Wata takan ji jikinta ya yi ɗumi. Wannan alama ce jini yana aikinsa. A ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi. In zazzaɓi ya dame ta, ta sha parasetamol yadda ungozoma ta faɗa. Kada ta sha aspirin ko wata ƙwayar ciwon jiki da kanta.

Bayan allura ta zauna minti 15 a likita kafin ta kama hanya. Akwai mutum ɗai-ɗai, can ba a rasa ba, da jikinsu ke ƙin allura nan take, kuma maganin wannan yana hannun ma'aikata. Wadda ta taɓa yin allura fuskarta ta kumbura, ko numfashi ya yi mata wuya, ta faɗa tun kafin a yi. Wadda ke kwance da zazzaɓi mai zafi, a yi mata magani tukuna, allura ta biyo baya. Mura da ɗan tari ba su hanawa.

Zubar jini, ciwon mara mai tsanani, ko zazzaɓin da ya wuce kwana 2, waɗannan ba aikin allura ba ne. A kai ta likita ba tare da jinkiri ba.

Aikin maigida da na tsofaffi

Mace da yawa tana son zuwa awo, izini ne ba ta samu ba. Wata ta samu izini, ba ta samu amalanke ko kuɗin kabu-kabu ba. Ɗan da ke cikin nan na maigida ne. Shi zai sayi rago, shi zai raɗa suna. Rakiyar matarsa likita sau biyu ta fi masa sauƙi bisa ga karɓar gaisuwar rasuwa a mako na suna. Maigidan da ya iya karatu ya duba karne, ya riƙe ranar komawa. Mai tafiya ci-rani ya bar izini da guzurin hanya kafin ya tashi.

Uwar miji da ungozomar gari su ma suna da nasu. Su ne suka ga jariran da suka sandare a da, su ne za su fi kowa ba da shaida. Su tura mai naƙuda gidan haihuwa tun da wuri. In haihuwa ta zo a gida ba shiri, a wanke hannu da sabulu, a shimfiɗa zane wankakke, a yanke cibiya da sabuwar reza, a ɗaure da zaren da aka dafa. Kada a shafa mata komi, sai maganin da likita ta bayar. Allura da tsabta tare suke aiki.

Abin tattaunawa a cibiya

Malamin aji ya tambayi ɗalibai: a garin nan, a wane wata mata suka fi fara zuwa awo? Me ke hana su zuwa da wuri? Mata nawa ne a ajin nan suka san adadin allurar tetanos da suka yi? Ran zama na gaba, kowace mace ta zo da karnenta, kowane namiji ya zo da na matarsa, a karanta tare. Wadda nata ya ɓace, a rubuta sunanta, a kai wa ma'aikacin likita ran da zai zo gari.

Allah ya sauki masu ciki lafiya. Masu nema, Allah ya ba su masu albarka. Wasalamu alaikum.